Daga Ina Ruwan Kanal Yake Fitowa?

Jawabi ga manoman Kumbotso da Kura da Bunkure a kan ragowar daji da masu tsaronsa



Maganar yau a kan daji ce. Wani zai ce, ina ruwan mai noman shinkafa da daji? Shi dai a sakar masa ruwa a kanal, ya sami taki da sauƙi, tumatir ya yi kuɗi a Kwanar Gafan. To, a yi haƙuri a saurara. Da ruwan za a fara. Za a bi shi da baya da baya, har a ga inda ya fito.

Ruwan da ke shiga fangalin manomi a Kura ko Bunkure ko Kadawa, daga ƙaramin kanal ya fito. Ƙaramin kanal daga babba yake sha. Babban kuma ya biyo ta Ruwan Kanya ne, daga dam ɗin Tiga. An gama gina Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kowa ya san wannan. Amma me yake cika Tiga? Kogin Kano ne. Shi kuwa Kogin Kano daga kudu yake gangarowa, daga duwatsun da ke wajen ƙasar Jos. Kafin ya iso Tiga, sai ya ratsa ta tsakiyar wani babban daji. Sunan dajin nan Falgore.

Mutanen Kumbotso ma ba a bar su a baya ba. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa a kusa da Tamburawa, inda ake tace ruwan famfo a tura birni. Wato mai lambu a bakin kogi da mai tara bokiti a famfo, duk suna da rabo a dajin nan, ko da ba su taɓa taka ƙafa can ba.

Dajin Falgore

Falgore yana kudancin Jihar Kano, a ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ya ratsa ta cikinsa. Girmansa ya kai kimanin hekta 92,000. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, sai ku lissafa. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe shi a matsayin gandun daji. A lokacin ana kiransa gandun Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji.

A cikinsa akwai doka da maɗaci da marke da kawo da ɗinya da taura da tsamiya. An san shi da gwanki da gada da mugun dawa da birai da dila da burtu. Yau da yawa daga cikin waɗannan dabbobi sun yi ƙaranci ƙwarai.

Amma babban aikin dajin ba ajiye gwanki ba ne. Babban aikinsa riƙe ƙasa. Ga yadda abin yake. Idan ruwan sama ya sauka a kan itace, ganye ne ke fara tare shi. Sai ya sauko a hankali. Busasshen ganye da ciyawa da ke ƙasa su sake tare shi. Saiwa kuma ta riƙe ƙasar kamar yadda zare ke riƙe tufa. Ruwan ya nitse, ya riƙa tsattsafowa cikin rafi kaɗan kaɗan, har bayan damina ta wuce. Idan kuwa babu itace, ruwan zai bugi ƙasa tsirara. Ya kwashi laka da yashi, ya yi gaba da gudu. Ina zai kai su? Cikin Tiga.

Ku ɗauki ƙwarya ku cika ta da ruwa. Kullum ku zuba mata yashi cikin tafin hannu ɗaya. Ranar farko ba za ku ga bambanci ba. Bayan wata guda za ku ga ƙwaryar tana nan yadda take, amma ruwan da take ɗauka ya ragu. Haka dam yake. Daga sama za a gan shi fal da ruwa, alhali cikinsa yana cikewa da laka. Ranar da abin zai bayyana ita ce ranar da watan Maris ya yi, alkama tana neman ruwan ƙarshe, aka ce babu isasshe. Kuma kwashe laka daga babban dam aiki ne mai cin kuɗi sosai. Hana ta shiga ya fi arha nesa ba kusa ba.

Me ke cin dajin? Ba ɓoyayyen abu ba ne. Motocin itace da buhunan gawayi da ke shiga birnin Kano, da yawansu daga dazuzzukan kudu suke fitowa. Akwai masu cinna wuta don kama ɓera da gafiya. Akwai masu tura gona cikin gandu taki ɗaya taki ɗaya. Akwai kiwon da ya fi ƙarfin wurin. Sannan an yi shekaru ɓarayin shanu da 'yan fashi suna fakewa a ciki, har a shekarar 2017 sojoji suka shiga da atisaye. Soja yana iya korar ɓarawo. Amma ba aikinsa ba ne ya tsaya gadin kowace doka da kowane marke. Malaman daji kuwa, ko sun kai nawa, ba za su iya zagaye hekta 92,000 da ƙafa ba.

Ragowar da ke kusa da gida

Falgore yana da nisa. To, a dawo gida.

Tsofaffin Kura da Bunkure suna tuna lokacin da aka zo shirya filayen noman rani a shekarun 1970. Katafila ta baje ƙasa don ruwa ya gudu daidai. A wurin bajewar nan an tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya masu yawa. An sami shinkafa da alkama da tumatir, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin arziki ba ne. Amma matar da a da take tsinko kalwa a bayan gida, yau sai ta saya a kasuwa. A Kumbotso kuma birni ne ke cinye gonaki. Inda ake noma gero jiya, yau an yanka fulotai. Masu tifa suna ɗibar yashi a Kogin Challawa, gaɓar kogi tana zaftarewa.

Duk da haka ba a rasa ragowa ba. Kusan kowane gari yana da ɗan abin da ya tsira. Wani wuri ɗan kurmi ne a bakin rafi. Wani wuri tsohuwar maƙabarta ce da ba a sare itacenta. Wani wuri burtali ne, ko makiyaya, ko gindin dutse da garma ba ta shiga. Idan ka duba irin wuraren nan za ka ga sabara da kalgo da geza da magarya da aduwa, har da itatuwan da yaran yanzu ba su san sunansu ba.

Mutane suna raina irin wannan wuri. Sukan ce, ai wannan ba daji ba ne, ɗan sunƙuru ne kawai. Kuskure ne. A nan unguwarzoma take samo sabarar mai jego. A nan mai magani yake samo saiwa da sassaƙe. A nan zuma take kwana, ita ce kuma take bin furen kabewa da kankana har su yi 'ya'ya. A nan mujiya da shaho suke zama, su ne masu rage ɓerayen da ke cin shinkafa. Mafi girma duka, a nan iri yake. Idan ɗinyar ƙarshe ta faɗi a gari, daga ina tsuntsu zai ɗauko ƙwallon da zai tsiro wata?

Matsalar ita ce wurin ba shi da mai shi guda ɗaya. Gona tana da mai ita, ba mai taɓa ta. Kurmin gari kuwa na kowa ne, shi ya sa kowa yake ɗiba, ba mai mayarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da mutum ɗaya ya sare ba a ce masa komai ba, gobe goma za su zo da gatari.

Masu aikin sa kai

A nan ne maganar masu aikin sa kai ta shigo. A lura, ba 'yan sa kai masu bindiga da gora ake nufi ba. Ana nufin mutanen gari da suka ɗauki nauyin kula da wani wuri, ba don albashi ba.

Irin wannan aiki ana yinsa har a ƙasashen Turai. A Ingila akwai wata irin jigawa mai gajerun tsirrai, kamar filin sabara. Ba ta noma sosai, kiwo ake yi a cikinta. Daga shekarar 1800 zuwa yau, kusan kashi huɗu cikin biyar na irin wannan fili ya tafi. An yi gidaje da tituna da gonaki a kai. 'Yan guntayen da suka rage, mutanen gari ne suke fita ranar hutu da adda da zarto suna gyarawa kyauta. Har shanu ake sakawa su yi kiwo a ciki daidai gwargwado, domin an gane idan aka hana kiwo baki ɗaya, wurin sarƙewa yake yi ya lalace. Wannan abin lura ne ga masu ganin cewa kare daji shi ne korar makiyayi. Wani irin yautai yana ƙyanƙyasa a filayen nan, idan sanyi ya zo ya ƙetaro hamada zuwa Afirka.

Saboda irin tsuntsayen nan masu ƙaura ne ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, mai suna RSPB, ta sa hannu a aikin kare fadamar Haɗeja da Nguru da aka fara a shekarar 1987. Mata ne suka kafa ƙungiyar a 1889, yau kuma membobinta sun haura miliyan ɗaya. Fadamar Haɗeja da Nguru kuwa, da ruwan kogin nan naku take rayuwa. Bayan ya wuce Tamburawa da Wudil, can yake zuwa. Tun da aka gina Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, ambaliyar da mutanen can suke noma da kamun kifi da ita ta canja. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Garuruwa da yawa a can gayya suke yi, su shiga ruwa da lauje da adda suna yanke ta. Ya kamata mai ban ruwa a Kura ya riƙa tunawa da su duk lokacin da ya bar ruwa yana malala a banza.

Darasin Maraɗi

Amma misalin da ya fi dacewa da manomin ƙasar Kano yana Jamhuriyar Nijar, a yankin Maraɗi. Hausawa ne kamar ku. Gero da dawa da wake suke nomawa. Ruwan samansu ma bai kai naku ba.

A shekarun 1970 da farkon 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. An koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Ga fari. Iska tana binne shuka da yashi, sai mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. An kashe kuɗi da yawa wajen dashen itatuwa, amma yawancinsu mutuwa suke yi.

A shekarar 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, mai suna Tony Rinaudo, ya lura da wani abu. 'Yan ƙananan tsirran da ke ko'ina a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, ashe ba ciyawa ba ce. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun tuni. Itacen bai mutu ba. Saiwarsa tana nan a ƙasa da ranta, mai zurfi, tana shan ruwa. Abin da take nema kawai a daina yanke mata kai.

Dabarar ba wuya. Manomi zai zaɓi kututturen da yake so. A cikin tohon da ya fito, sai ya bar masu ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, ya yanke sauran. Waɗanda ya bari, ya rage musu rassan ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Da wuƙa ko adda mai kaifi ake yi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Shi ke nan. Ba sayen iri, ba ban ruwa, ba leda. Saboda saiwar ta riga ta kafu, itacen yana girma da sauri fiye da dashe. Mutanen can suna kiran abin sassabin zamani.

Da farko dariya aka yi wa masu yi. Ana ce musu ƙazaman manoma. A yunwar 1984 aka haɗa abin da rabon abinci: wanda ya bar itace a gonarsa ya sami tallafi. Da rabon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Amma wasu sun riga sun ga amfani. Sun ga iska ta rage binne shuka. Sun ga matansu suna samun itacen girki a gona. Sun ga awaki suna samun ganye da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Gani ya kori ji. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200, a fili mai girman hekta miliyan 5, yawanci a yankunan Maraɗi da Damagaram. Falgore sau hamsin ke nan da ɗoriya. Kuma manoma ne suka yi da hannunsu.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Barin itace abu ne mai sauƙi. Tsare shi daga ɓarawon dare shi ne aiki. A wani gari mai suna Ɗan Saga, a yankin Maraɗi, mutane sun kafa kwamitin tsaro na sa kai. Sun sa maza, sun sa mata, sun sa makiyaya. Gari ya zauna ya yi dokokinsa, aka sanar da kowa, aka yanka tarar wanda ya karya. Abin da ya ƙara wa manoman Nijar ƙarfin gwiwa shi ne da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne. Ba wanda zai yi wahalar rainon abin da gobe za a ce ba nasa ba ne.

Tsaron itace ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun hana sare gawo, da hukunci mai tsanani. Manoman kewayen Kano kuwa sun daɗe da sanin darajar ɗorawa da kuka a gona, har gadonsu ake rabawa.

To, a nan fa?

Manomin noman rani yana da tambayoyi, kuma tambayoyinsa na gaskiya ne. Zai ce itace yana yi wa shuka inuwa. Zai ce yana tara jan baki su cinye shinkafa. Zai ce saiwa tana fasa kanal.

Maganar kanal gaskiya ce. Kada a bar babban itace a jikin kanal. Maganar inuwa ma akwai ƙamshin gaskiya. Ku duba gawo. Da damina yake zubar da ganye, shi ya sa gero yake yin kyau a gindinsa, ganyen ya zama taki. Amma da rani yake yin ganye, daidai lokacin da alkama da tumatir suke son rana. Saboda haka gawo na gonar tudu ne, ba na cikin fangali ba. Kusan kowane mai noman rani yana da gonar tudu. A can za a yi sassabin zamani, da kan iyakoki, da gefen hanya, da bakin rafi. Jan baki kuwa ya fi son kwana a cikin kachalla da ciyayin ruwa. Mai son rage shi, ya fara da share kachallar da ta cika magudanai.

Ba sai an kafa sabon abu daga tushe ba. A yankin nan akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda suka saba haɗuwa su yashe kanal. Akwai ƙungiyoyin samari. Akwai mafarauta da suka san kowane lungu. Waɗannan su ne za su zauna da mai unguwa da dagaci, a zagaya da ƙafa a ga abin da ya rage wa gari. A san iyakarsa, a kafa alama. A rubuta sunayen itatuwan da ke ciki da yawansu a littafi. Wanda ya iya rubutu ya riƙe littafin, baɗi a sake ƙirgawa a gani ko an ci gaba ko an ci baya.

Wajen yin doka, kada a ce an hana komai. Dokar da ta hana komai ba ta kwana biyu. A bar mata su tsinci busasshen itace. A bar mai magani ya ɗebi sassaƙe ta gefe ɗaya, kada ya zagaye itacen da yanka, domin zagayewa kashe shi take yi. A bar makiyayi ya sassabo ganye, kada ya datse kan itacen. Abin da za a hana shi ne sare ɗanyen itace daga tushe, da cinna wuta, da tura gona cikin burtali. Kuma lalle a sa mata a kwamiti, su ne suka san wahalar itacen girki. Lalle a sa Fulani, da Arɗonsu. Kwamitin da aka kafa babu makiyayi a ciki, rigima aka kafa.

Aikin yana da ɗaci, gara a faɗa tun yanzu. Ba albashi. Akwai baƙin jini. Ranar da aka kama baƙo da gatari, hukunci ba wuya. Ranar gwaji ita ce ranar da aka kama ƙanin shugaban kwamiti, ko ɗan wani mai faɗa a ji. Idan aka kau da kai ranar nan, kwamiti ya mutu, ko da ana ci gaba da kiran taro. Shi ya sa ake son a yanka tara tun kafin a kama kowa, a faɗe ta a bainar jama'a, a kuma san inda kuɗin zai tafi. Kada ɗan kwamiti ya daki kowa, kada ya ƙwace kayan kowa. Nasa ya gani, ya yi magana, ya kai wa mai unguwa. Abin da ya fi ƙarfin gari, kamar mota da ta zo da injin yankan katako, a kai shi sashen gandun daji na ƙaramar hukuma.

Gwamnati tana da nata shirin. Jihar Kano tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Ana kuma yin bikin dashen itace kusan kowace damina. Ba laifi. Amma kowa ya sha ganin yadda ake dasawa, a ɗauki hoto, a watse, kafin sati akuya ta gama da shi. Idan an kawo muku dashe ku karɓa, amma ku fara shirya ƙaya ko kwandon da za ku kewaye shi, da sunan wanda zai ba shi ruwa har ya shekara.

Ayyukan suna da lokacinsu. Share layin kare wuta a kewayen kurmi, da zarar damina ta ɗauke ake yi, a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin ciyawa ta bushe ƙarau. Faɗin layin ya kai taki biyar ko fiye. Sassabin zamani kuwa lokacin sharar gona ne, a watan Afrilu da Mayu. Wanda bai taɓa yi ba, kada ya fara da gona duka. Ya zaɓi kututture goma a eka ɗaya, ya ɗaura wa kowanne jan ƙyalle, ya kuma gaya wa yaran gida da 'yan ƙwadago cewa mai ƙyalle ba a taɓa shi.